Sharhi kan AlphaTRAK 3, na'urar auna sukarin jinin kyanwa a gida

Duk wanda likitan dabbobi ya tabbatar masa cewa kyanwarsa ta kamu da ciwon sukari, daga wannan rana ya shiga hidimar allurar insulin safe da yamma, kuma kullum ya ɗauki sirinji sai zuciyarsa ta tambaye shi ko abin da yake yi mata ya isa, ko ya gaza, ko kuwa ya wuce kima. Kyanwa ba ta iya faɗin cewa jiri take ji ko ƙishirwa ta dame ta, kuma dabba ce mai ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta, don haka kallon ido kaɗai ba ya wadatarwa. Na'urar AlphaTRAK 3 an ƙera ta ne domin mai dabba ya auna sukarin jininta a gida. Na jima ina amfani da ita a kan wani tsohon muzuru da muke da shi, wanda aka yi wa fiɗiya tun yana ƙarami kuma ya tara ƙiba da ya manyanta, wato ainihin irin wanda wannan ciwo ya fi kamawa. Ra'ayina a kanta shi ne, na'ura ce mai kyau wadda ta cancanci kuɗinta, amma amfaninta gaba ɗaya ya dogara ne ga samun tsinken gwajinta ba tare da yankewa ba, da kuma samun likitan da zai riƙa duba lambobin da take bayarwa.

Kamfanin Zoetis na Amurka ne yake yin ta, kamfanin da ya ɓalle daga Pfizer a 2013, sannan ya sayi sashen magungunan dabbobi na Abbott a 2015, inda ya gaji wannan na'ura. A cikin kwalin farko akwai na'urar kanta, da tsinkayen gwaji, da ƙananan allurai na huda fata tare da alƙalamin da ake ɗana su a ciki, da ruwan tantance ingancin tsinke, da 'yar jakar da ake haɗa kayan. Tana karanta sukari daga 20 zuwa 750 a ma'aunin mg/dL, sakamako yana fitowa cikin 'yan daƙiƙu, kuma jinin da take buƙata bai wuce maikurolita 0.3 ba, ɗigon da da ƙyar ido yake ganinsa. Ana iya haɗa ta da manhajar waya ta hanyar Bluetooth domin adana sakamako. Wanda yake da tsohuwar AlphaTRAK 2 ya sani cewa tsinken waccan ba ya aiki a wannan, haka ma na wannan ba ya aiki a waccan, saboda haka a duba lambar da ke jikin kwali kafin a biya kuɗi.

Tambayar da kowa yake fara yi ita ce, me ya sa ba za a yi amfani da na'urar mutane ba, alhali tana nan a kowane kemis kuma ta fi araha? Amsar tana cikin yadda sukari yake rarrabuwa a jini. A bayanin kamfanin, kashi 58 cikin ɗari na sukarin jinin ɗan Adam yana cikin ruwan jini ne, sauran kuma yana cikin jajayen ƙwayoyi, amma a jinin kyanwa kusan kashi 93 yana cikin ruwan, kashi 7 kacal ne a ƙwayoyin. Na'urar da aka daidaita lissafinta a kan jinin mutum takan ba da lamba ƙasa da gaskiya idan aka ɗiga mata jinin kyanwa, kuma tazarar takan faɗaɗa idan sukarin ya hau sosai. Wannan ne ya sa a jikin kowane gwangwanin tsinken AlphaTRAK ake rubuta lamba ɗaya ta kyanwa, wata ta kare, kuma wajibi ne a tabbatar lambar da ke fuskar na'urar ta yi daidai da ta kyanwa duk lokacin da aka buɗe sabon gwangwani. Mataki ne ƙarami mai saurin shigewa, musamman a gidan da ake kiwon kare da kyanwa tare, kuma da a ce na'urar tana gane lambar da kanta da an rage wa mai jinya nauyi guda.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne ɗibar jinin, kuma a nan ne ƙanƙantar ɗigon da na'urar take nema ya nuna amfaninsa. Idan aka haska fitilar waya ta bayan kunnen kyanwa, za a ga wata siririyar jijiya ja tana bin gefen kunnen daga tushe zuwa tsini, kuma tsakanin wannan jijiya da bakin kunne ake hudawa. Kunne mai sanyi ba ya ba da jini, shi ya sa da hunturu sai na zuba ɗanyar shinkafa a cikin safa mai tsabta, na ɗumama ta har ta yi ɗumin da bayan hannu zai iya jurewa, na riƙe ta a jikin kunnen na ɗan lokaci ina shafa kan muzurun. Daga nan sai a goga ɗan basilin kaɗan a wurin domin jinin ya dunƙule wuri ɗaya maimakon ya bi gashi ya watse, a tokare ɗaya gefen kunnen da dunƙulen auduga domin allurar ta sami abin dogara kuma kada ta kai ga yatsa, sannan a huda da sauri. Tsinken yana cikin na'urar tun kafin a huda, sai kawai a kai bakinsa ga ɗigon ya zuƙe da kansa. Bayan haka a danne wurin da audugar na ɗan lokaci domin kada jini ya taru a ƙarƙashin fata. Ni na fi son riƙe allurar da hannu a kan amfani da alƙalamin, domin ƙarar da yake yi kusa da kunne tana razana dabbar fiye da hudar kanta. Gefen kunne ba shi da jin zafi sosai, kuma muzurun namu da ya gane cewa ɗan guntun nama yana biyo bayan kowane gwaji, da kansa yake hawa kujerar idan ya ji an zuge jakar. Wanda kunnen kyanwarsa ya ƙi ba da jini yana iya gwada tafin ƙafarta. A wanke hannu a busar kafin a fara, domin ragowar dabino ko lemo a yatsa ya isa ya ɓata sakamako.

Babbar fa'idar awo a gida ita ce kawar da tsoro daga lissafi. Kyanwa tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da kare, idan ta firgita sukarin jininta yakan yi tsalle cikin ƙanƙanin lokaci, har lafiyayya ma tana iya nuna lambar mai ciwo idan an sa ta a kwando, an shiga mota da ita, an kwantar da ita a teburin asibiti. Likitan da ya dogara ga wannan lamba kaɗai yana iya ƙara insulin ga dabbar da ba ta buƙatarsa. Mun ga haka da idonmu, domin abin da ake samu a asibiti kusan kullum ya ɗara wanda muke samu a gida a daidai wannan sa'a ta yini.

Sukarin lafiyayyar kyanwa yakan zauna wajen 80 zuwa 120, kuma sai ya haura wajen 250 zuwa 290 ƙoda take fara zubar da shi cikin fitsari, inda yake janyo ruwa, ya haddasa yawan fitsari da yawan shan ruwa da ramar da ake gani duk da cewa dabbar tana cin abinci kamar ba gobe. Wanda asibitinsa yake rubuta sakamako da ma'aunin mmol/L sai ya raba lambar na'urar da 18, wato 180 ta zama 10. Lamba ɗaya tilo ba ta faɗin komai game da yadda allura take aiki. Abin da likita yake nema shi ne awon yini, wato a auna kafin allurar safe, a ci gaba da aunawa duk bayan sa'o'i biyu har lokacin allurar yamma, domin a ga inda sukarin ya fi sauka, da sa'ar da ya kai can, da kuma tsawon lokacin da maganin ya riƙe shi. Wannan wuri mafi ƙasa shi ne yake yanke hukuncin ƙari ko ragi, kuma galibi ana son ya faɗa tsakanin 80 da 150. Ranar irin wannan awo tana cin tsinke bakwai idan ba a yi asarar ko ɗaya ba, abin da ya kamata mai saye ya sa a lissafinsa tun farko.

Ba zai yiwu a yi maganar na'urar ba tare da maganar insulin ɗin kansa ba, domin a nan ne kuskure mai kisa yake ɓuya. Waɗanda aka fi amfani da su ga kyanwa su ne Lantus na kamfanin Sanofi, wanda asalinsa na mutane ne, da ProZinc na Boehringer Ingelheim, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi domin kyanwa a 2009, da kuma Caninsulin, wanda a Amurka ake kira Vetsulin. Lantus yana da yunit 100 a kowace mililita, sauran biyun kuma yunit 40 ne, kuma kowane ƙarfi yana da nasa sirinji. Idan aka zuƙi Lantus da sirinjin U-40, wato na insulin mai yunit 40, zuwa layin yunit ɗaya, yunit biyu da rabi ne aka zuƙa, idan kuma aka zuƙi ProZinc da sirinjin U-100 zuwa wannan layi, ko rabin yunit ba a samu ba. Ga dabbar da yawanci ake fara mata da yunit ɗaya ko biyu duk bayan sa'o'i goma sha biyu, wannan bambanci shi ne tazarar da ke tsakanin magani da guba. An taɓa miƙo mana fakitin sirinji na ɗaya ƙarfin a wani kemis, mai shagon yana tabbatar mana cewa duk ɗaya ne, sai da muka karanta rubutun da ke jikin ledar muka mayar masa. Launin murfi yana taimakawa, ja ga U-40, ruwan lemo ga U-100, amma rubutun shi ne abin dogaro. Sirinji mai layin rabin yunit ya fi dacewa, domin alƙalamin Lantus yana tafiya ne yunit ɗaya ɗaya. Hatta yadda ake shirya su ya bambanta: Lantus garau yake ba ya buƙatar gaurayawa, ProZinc mirgina shi ake yi a hankali tsakanin tafuka, Caninsulin kuwa girgiza shi ake yi har ya haɗe. Insulin gauraye irin wanda mutane da yawa suke amfani da shi a gidajenmu bai dace a ara wa kyanwa ba, domin aikinsa ba ya daɗewa a jikinta.

Akwai wata fitina da na'ura mai saurin ba da amsa take jawowa, wato mutum ya ga lamba ta hau da safe, hankalinsa ya tashi, ya ƙara yunit da kansa. Jikin kyanwa yana buƙatar kwanaki kafin ya daidaita da sabon adadi, shi ya sa likitoci sukan bar kusan mako guda ko fiye tsakanin canji da canji, sai dai idan ragi ne saboda sukari ya faɗi. Bugu da ƙari, lamba mai tsawo da safe wani lokaci martani ne ga faɗuwar da ta auku cikin dare, inda jiki ya saki sukarin da hanta ta adana domin ceton kansa. Likitoci suna kiran wannan tasirin Somogyi, kuma ko da yake ba kullum yake faruwa ba, wanda ya amsa shi da ƙarin insulin ya zuba wa wuta fetur. Tun ranar farko a roƙi likita ya rubuta a takarda lambar da idan awon kafin allura ya gaza ta za a dakata a kira shi, da abin da za a yi idan dabbar ta ƙi cin abinci ko ta yi amai. Idan kuma allura ta zame, aka ji gashi ya jiƙe, ba a maimaitawa, domin ba wanda ya san nawa ne ya shiga. A jira lokaci na gaba.

Ranar da na fi gode wa wannan na'ura ita ce wata la'asar da muzurun ya taso daga barci yana tangaɗi, ƙafafunsa na baya suna harɗewa, ya tsaya a gaban bango yana kallonsa kamar bai san gidan ba. Awo ya nuna 52. Na shafa masa zuma a dasashi da yatsa, ba tare da ɗura masa komai a maƙogwaro ba, na ajiye masa abinci da ya fara dawowa hayyacinsa, na sake aunawa bayan ɗan lokaci na ga lambar tana hawa, sannan na kira likita, wanda ya ce a dakatar da allurar yamma a kawo shi. Duk abin da ya yi ƙasa da 60 zuwa 70 a jikin dabbar da ake yi wa insulin lamari ne na gaggawa, kuma idan ya kai ga jijjiga ko suma, zuma a dasashi taimakon hanya ne kawai zuwa asibiti. Abin lura shi ne, wasu kyanwoyin ba sa nuna alama ko ɗaya har sai abin ya yi nisa, kuma su ne awo yake ceta.

Dalilin faɗuwar ranan shi ne buƙatarsa ga insulin ta ragu bayan an gyara masa abinci. Kyanwa maciyar nama ce a halittarta, amma a gidajenmu da yawa ragowar tuwo da shinkafa da burodi ake zuba mata, kuma busasshen abincin leda ma yawancinsa yana ɗauke da hatsi mai yawa. Idan aka mayar da ita kan abincin gwangwani mai yawan nama da ƙarancin sitaci, sukarinta yana iya sauka cikin 'yan kwanaki, adadin da jiya yake daidai yau ya zama ya yi yawa. Har ila yau kyanwa tana da wata sa'a da kare bai cika samu ba, wato ciwon yana iya lafawa har a daina allura gaba ɗaya, musamman a watannin farko idan an shawo kan sukarin da wuri, ko idan magungunan sitiroyid ne suka haddasa shi. Wannan albishir ne, amma shi ne kuma lokaci mafi haɗari ga wanda yake yin allura ba tare da awo ba. Kada a canza abinci sai ana aunawa kuma likita yana sane.

Inda na'urar take da nauyi shi ne aljihu. Kuɗinta sau ɗaya ake biya, amma tsinken, wanda ake sayarwa guda 50 a gwangwani, shi ne kashe kuɗin da ba ya ƙarewa, kuma ya fi na mutane tsada nesa ba kusa ba. Mai auna sau biyu a yini zai cinye gwangwani kafin wata ya cika, ban da ranakun awon yini. Mu daga waje ake kawo mana, don haka farashinsa yana bin canjin dala, kuma sai an yi oda tun akwai saura. Tsinken ba ya son zafi ko laima, a bar shi a gwangwaninsa a rufe ruf, nesa da taga da kicin da cikin mota, abin da yake buƙatar kulawa ta musamman a watannin bazara da zafi yake haura digiri 40 a garuruwanmu. Idan sakamako ya yi hannun riga da yanayin dabbar, a gwada tsinke da ruwan tantancewa, a sake awo. A kuma tuna cewa ƙarancin jini yakan sa irin waɗannan na'urori su ba da lamba sama da gaskiya. Shi ma insulin yana da nasa sharaɗi, wanda ba a buɗe ba yana zama a firij tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci, kula mai ƙanƙara tana riƙe shi muddin an naɗe kwalbar da ƙyalle don kada ta taɓa ƙanƙarar, randa mai jiƙaƙƙen yashi kuma tana taimakawa, musamman da rani da iska take bushe. Takardar Lantus ta ce kwana 28 bayan buɗewa, alhali alƙalami ɗaya yana ɗauke da yunit 300, wanda kyanwa mai yunit ɗaya safe da yamma ba za ta ci ko kashi ɗaya bisa huɗunsa ba a wannan lokaci. Likita ne zai faɗi tsawon lokacin da ya yarda a ci gaba da amfani da shi.

Saboda wannan tsada, ba zan ce wa kowa lallai sai AlphaTRAK ba. Wanda ba shi da tabbacin samun tsinkenta a kai a kai, gara ya sayi na'urar mutane mai inganci wadda tsinkenta yake samuwa a unguwarsa, ya sanar da likita irin wadda yake amfani da ita, a gwada ta gefe da gefe da sakamakon ɗakin gwaji domin a san tazararta, sannan ya tsaya a kanta kada ya riƙa sauyawa. Kuskurenta na nuna ƙasa da gaskiya ya fi karkata ga taka tsantsan. Akwai kuma FreeStyle Libre na Abbott, wani ɗan faifai na mutane da likitocin dabbobi suke manna wa kyanwa bayan an aske gashin wurin, yana bibiyar sukari dare da rana har kwana 14, ko da yake kyanwoyi da dama sukan ɓamɓare shi kafin wa'adin, kuma idan ya nuna faɗuwa ana son a tabbatar da ita da awon jini. Wannan faifai da na'urar awon jini abokan aiki ne.

Akwai abubuwan da AlphaTRAK ba ta gani kwata-kwata. Ba ta auna sinadarin kiton, wanda yake taruwa idan jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, kuma shi ne yake kai dabba ga mawuyacin hali mai buƙatar kwanciya a asibiti, don haka a ajiye tsinken gwajin fitsari na kiton a gida, a yi amfani da shi duk ranar da kyanwa ta ƙi abinci, ko ta yi amai, ko ta kwanta lis. Wannan ya fi zama dole ga masu ba da sababbin magungunan baki irin su Bexacat, wanda aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2022, da Senvelgo da ya biyo baya a 2023, domin da su kiton yana iya hawa alhali lambar sukari tana nan daidai, kuma ba a ba da su ga kyanwar da aka riga aka fara yi wa insulin. Haka nan na'urar ba ta maye gurbin gwajin furuktosamin da ake yi a ɗakin gwaji, wanda yake nuna matsakaicin sukari na makonni biyun da suka gabata kuma tsoron asibiti ba ya shafarsa. Idan adadin insulin yana ta hawa amma lambobi sun ƙi sauka, likita zai nemi dalili a wani wuri, kamar ciwon haƙori, ko cutar mafitsara, ko kumburin gaɓar da ke samar da insulin, ko ƙari a wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sa sinadarin girma ya yi yawa. Manhajar wayar tana adana lambobi da sa'o'insu, amma ni har yanzu ina riƙe da littafi a gefen firij, inda nake rubuta lokacin allura, da yunit nawa, da abin da ya ci, da yawan ruwan da ya sha, da nauyinsa duk mako, da ko ya fara taka ƙasa da dugadugansa na baya, alamar da ke nuna cewa sukari ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Wannan littafi shi likita yake fara karɓa kafin ya dubi na'urar.